ABIN DA MUKA GANO A DAJIN YANKARI
Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya gabatar a taron ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayena, yayyena da ƙannena, da iyayenmu mata da ke zaune can baya, ina yi muku barka da zuwa.

Ni dai kun san ni, ba ɗan boko ba ne, ban kuma saba tsayuwa gaban jama'a ba. Fataucin goro na gada, shi nake yi shekara talatin da ɗoriya a nan Sabon Ibadan. Sakatare ne ya matsa mini, wai tunda na kwashi yara na kai su Yankari, ba zan cinye labarin ni kaɗai ba. To ga ni. In na yi tuntuɓen harshe a yi mini afuwa.

Bari in fara da abin da ya tayar da tafiyar, don ba kuɗi ne suka yi mini yawa ba. Wata rana bayan magariba autana, ɗan shekara tara, yana bitar karatunsa, ya iso Suratul Fil. Na ce, "Kai, mene ne fil?" Ya ce malam ya ce giwa. Na ce, "To yaya giwar take?" Yaro ya yi tsuru-tsuru. Can sai ya juya ya tambayi yayarsa da Yarbanci, ta ce masa "erin", sannan ya ce, "Oho!" Jama'a, ɗan cikina, sai da aka fassara masa Hausa da Yarbanci kafin ya gane! Ban ce jin Yarbanci laifi ne ba, ni ma da shi nake ciniki a Shagamu, kuma maƙwabtanmu ne, muna zaman lafiya. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na tara sauran na ce kowa ya gaya mini mene ne gwanki, mene ne kanki, mece ce ɓauna. Ko ɗaya. Babban cikinsu cewa ya yi wai ɓauna irin kifi ce.

Wani zai ce me ya hana in kai su gidan namun daji na jami'a, ga shi nan kusa? Na taɓa kai su. Amma dabbar da ke cikin keji tana jiran a jefa mata abinci daban take da wadda ke cikin dajinta. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Mu mazauna Kurmi ai mun fi kowa sanin ma'anar wannan magana.

Mun tashi a ƙarshen Disambar 2023, lokacin hutun makaranta, ni da yara huɗu da ɗan maƙwabcina ɗaya. Muka bi ta Lakwaja, muka kwana Abuja wurin dangi, kashegari Akwanga, Jos, sai Bauchi. Wahalar hanya ba sai na faɗa ba, duk kun san ta. Daga Bauchi za ka ɗauki hanyar Gombe, in ka kai Dindima ka karya dama, sai ƙauyen Mainamaji, nan ƙofar dajin take. Daga ƙofa zuwa masauki, wato sansanin Wikki, akwai tafiyar fiye da kilomita 40, duk cikin daji. Tun a nan yara suka daina rigima kan wa zai zauna bakin taga, kowa ya zuba ido.

Ga abin da na koya game da wurin. Yankari yana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ya zama gandun daji na ƙasa, sannan a 2006 aka mayar wa Jihar Bauchi, ita ke riƙe da shi. Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma shi ne sirrin wurin. Da damina ciyawa ta rufe ko'ina, ruwa na ko'ina, namun daji sun watse, ba abin da za ka gani. Amma in rani ya yi, tafkuna suka ƙafe, dole kowace dabba ta gangaro Gaji shan ruwa. Saboda haka mai son gani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ne lokacinsa.

Waɗanda suka fara yi mana maraba su ne gwaggon biri. Wallahi ban taɓa ganin marasa kunya irinsu ba. An gargaɗe mu a rufe ƙofa da taga, kada a riƙe leda a hannu. Ni da taurin kai na ce biri ne fa. Ina alwala, na ajiye 'yar ledar da na ƙunso farin goro don in yi wa ma'aikata alheri, sai wani ƙato ya zo a tsanake kamar mai karɓar haraji, ya sure ta, ya haye rufi. Ya ɓare ɗaya, ya gutsura, ya tofar, ya riƙa jefo sauran ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Shekara talatin ina sayar da goro, ba a taɓa raina mini kaya haka ba! Su kuwa gadu, wato mugun dawa, yawo suke yi tsakanin ɗakuna kamar awakin unguwa, suna durƙusawa a kan gwiwa suna cin ciyawa.

Shiga daji sau biyu ake yi a yini, da sassafe da kuma la'asar, a cikin mota, tare da ɗan jagora. Dokarsu ba wuya: ba sauka sai ya ce, ba hayaniya, ba jefa wa dabba abinci. Fitar farko mun ga gwambaza a bakin fadama, mun ga mazo, mun ga kada yana shan hantsi baki buɗe, da garken ɓauna daga nesa. Tsuntsaye kuwa ba a magana, iri fiye da 350 aka ƙirga a dajin. Ƙudan tsando ma ya gaishe mu, cizonsa kamar allura, saboda haka mai zuwa ya sa riga mai dogon hannu. Amma giwa, shiru. Sai kashinta tuli-tuli a kan hanya, da itatuwan da ta kakkarya, da sawunta wanda autana ya sa ƙafafunsa biyu a ciki da saura. Fita ta biyu ma haka. Yara suka fara ɓata rai, ni ma na fara lissafin kuɗin da na kashe.

Sai a fita ta uku, da la'asar sakaliya. Ɗan jagora ya ɗaga hannu, direba ya kashe mota. Da farko ba mu ga komai ba, ƙarar karyewar reshe kawai muke ji. Can sai abin da na ɗauka inuwar dutse ce ya motsa. Suka fito ɗaya bayan ɗaya za su tsallaka hanya, na ƙirga goma sha ɗaya, da 'ya'ya biyu a tsakiya. Abin da ya fi ba ni mamaki, duk girman nan ba ka jin takunsu. Wata babba ta tsaya ta fuskance mu, ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci tana shinshinar iska, ba ta gusa ba sai da na ƙarshe ya wuce. Ɗan jagora ya raɗa mana cewa ita ce uwar garke, don a wurin giwaye tsohuwa ke jan gaba, ita ta san inda ruwa yake da inda hatsari yake, toron giwa kuwa in ya girma ware kansa yake yi. Iyayenmu mata na ji kuna dariya, to haka abin yake. Wata 22 take ɗauke da ciki kafin ta haifi ɗa guda. Autana ya riƙe mini riga gam, jikinsa na rawa, ya ce, "Baba, irin wannan Abrahata ya kawo?" Na ce irinta. Ni kaina, da furfurata, ranar na fara ganin abin da nake karantawa tun ina riƙe da allo.

Ruwan Wikki kuma, daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garau har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ana tsananin hunturu muka shiga da safe, da ƙyar na fito da yaran. Akwai kuma kogunan Marshall, ɗakuna ne da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey fiye da ɗari.

To yanzu ga maganar da ta sa na yarda na tsaya a nan, kuma ba mai daɗi ba ce. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, amma duka-duka ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150, alhali a da sun ninka haka. Raƙumin dawa ya ƙare a dajin. Zaki ba mu gan shi ba, kaɗan ne suka rage, kuma a duk ƙasar nan Yankari da dajin Kainji kawai aka san yana nan. Masu gadi kwana suke yi a daji suna sintiri, kuma an sha rasa rayuka a cikinsu a hannun mafarauta. Wata ƙungiyar kare namun daji mai suna WCS ta taimaka musu, abin ya yi sauƙi, amma bai ƙare ba.

Ina zaune ina jin wannan bayani sai kunya ta kama ni. Mafarauci ba ya harbin abin da ba shi da mai saye. Wa ke saye? Ku zaga kasuwannin Kurmi ku dubi shimfiɗun masu magani: fatar damisa, man zaki, kan ungulu, guntun haure. Da yawan masu shimfiɗar nan namu ne, harshenmu ɗaya, sahu ɗaya muke sallah. Ban kama sunan kowa ba, kuma na san neman abinci ne. Amma cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1989, mu ma muna da dokarmu ta kare irin waɗannan dabbobi tun 1985, kuma ana kama mutane a kai. Ranar da aka kama mutum ɗaya da irin kayan nan, jarida ba sunansa za ta buga ba, cewa za ta yi an kama Bahaushe, mu duka mu kwana da abin. 'Yan'uwana fataken shanu, ku ma da naku: ana kora shanu cikin gandun kiwo, in zaki ya kama saniya a sa wa mushen guba, zaki ya mutu, kura ta mutu, ungulu ta mutu.

Adalci kuma shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. A Mainamaji na zauna shan shayi da wani dattijo manomi, ya ce mini, "Alhaji, ku kun biya kuɗi ku ga giwa, ni kyauta take zuwar mini." Dare ɗaya garke ke shafe gonar dawa, wahalar shekara guda. Ban sami abin ce masa ba. Wanda ya zo kallo na kwana uku bai isa ya yi wa wannan mutum wa'azin haƙuri ba.

Shawarata ga shugabanni biyu ce. Ta farko, Sarki da malamai su kira masu shimfiɗar nan a zauna a cikin gida, da mutunci, a gaya musu abin da doka ta ce kafin hukuma ta gaya musu. Ta biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin kai ɗaliban Islamiyyarmu Yankari a hutun ƙarshen shekara, ko da bas ɗaya ce, a fara da waɗanda suka yi sauka. A yi karo-karo tun yanzu kaɗan-kaɗan yadda muke adashi, marayu kuma a ɗauke musu. Kafin a tashi lalle a tuntuɓi 'yan'uwa a Bauchi a ji halin hanya da na yankin, a yi tafiyar rana, a tafi da malamai biyu da mace ɗaya babba saboda 'yan mata. Ni na ɗauki kuɗin kujera uku, Ma'aji ya rubuta a gaban shaidu. Mai son sa sunan ɗansa ya ga Sakatare bayan an tashi.

 Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya maida kowa gidansa lafiya.