Hannun jari ya faɗi a Amurka, ina ruwan manomin Argungu?

Yau zancen kuɗi za mu yi.

Idan duniya na zaune lafiya, kasuwar hannun jari da ta ɗanyen mai kowace da hanyarta. Amma da rikicin tattalin arziki ya ɓarke, galibi tare suke faɗuwa, don manyan masu jari kan firgita su sayar da komai su riƙe dala. A Yulin 2008 gangar mai ta kai dala 147. Bankin Lehman ya rushe a Satumba, kafin ƙarshen Disamba ganga ta koma ƙasa da dala 40. Lokacin korona ma haka aka yi.

To, da mai Najeriya ke samun dala. Ya faɗi, kason Kebbi daga Abuja ya ragu, naira ta karye. A Maris 2020 Babban Banki ya ɗaga dala daga kusan naira 307 zuwa 360. Manomin shinkafa a fadamar Argungu sai ya tarar injin ban-ruwa da maganin feshi sun ƙara kuɗi. Can ana araha, nan muna shan tsada.

Don haka 'yan uwa matasa, kafin ku ci bashin noman rani, ku fara duba farashin ganga da na dala.