Raɗaɗin da Ya Ƙi Tafiya Bayan Karaya Ta Warke



Jawabinmu na yau a kan wani ciwo ne da ke kama hannu ko ƙafa bayan karaya, ko targaɗe, ko tiyata. Ƙashi ya haɗe, rauni ya rufe, amma gaɓar tana zugi kamar an ɗora mata garwashi. Takan kumbura, fatarta ta sauya launi, ta yi zafi ko sanyi fiye da 'yar'uwarta, yatsu su sandare, har taɓawar riga ta zama azaba. Likitocin Najeriya na taƙaita sunansa da CRPS, na Nijar kuwa SDRC. Ya fi biyo bayan karayar wuyan hannu, kuma ya fi kama mata.

Ciwon tsoho ne a littattafan likitanci. Tun a 1864 likita Silas Weir Mitchell ya bayyana shi a jikin sojojin da aka harba a yaƙin basasar Amurka. Tushensa yana cikin jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa: sukan ci gaba da kururuwa bayan haɗari ya wuce. Saboda haka wanda ya shekara yana kuka da hannunsa ba raki yake yi ba, ba kuma sammu aka yi masa ba. Babu gwajin jini da ke nuna ciwon; likita yakan gane shi ta hanyar tambaya da duba gaɓar.

Idan ya daɗe, babu allura guda da ke tumɓuke shi. Ginshiƙin magani shi ne mayar da gaɓar bakin aiki sannu a hankali, bisa jagorancin ma'aikatan gashin ƙashi, waɗanda a Nijar ake kira kine. Hannun da aka naɗe aka ɓoye a cikin mayafi ƙara sandarewa yake yi. Ana fara shafa fatar da auduga, daga baya da tawul, har ta saba da taɓawa. Akwai kuma aikin madubi: a ɓoye hannun mai ciwo a bayansa, a riƙa motsa lafiyayyen ana kallon hotonsa, ƙwaƙwalwa ta ga kamar mai ciwon ne ke motsi ba tare da zafi ba. Mintuna kaɗan, sau da yawa a yini, sun fi wahalar da kai sau ɗaya a mako. 'Yar kasuwa tana iya farawa da ƙirga kuɗi da tsintar wake, kafin ta kai ga ɗaga kwanon awo.

Amfanin magunguna shi ne su rage zafi har a iya wannan motsi. Likita yakan rubuta amitriptyline, ko gabapentin, ko pregabalin, ya fara da kaɗan yana ƙarawa; sukan sa barci da jiri, kuma sai an yi makonni ake ganin aikinsu. Ku guji tramadol na 'yan tebur, domin jiki yakan kamu da shi ciwon kuma yana nan. Shan diclofenac wata da watanni yana ɓata ciki da ƙoda.

A manyan asibitoci akwai allurar da ke kashe wasu jijiyoyi na ɗan lokaci, da ƙarin ruwa mai ɗauke da ketamine, wanda sauƙinsa makonni ne kawai. A Turai da Amurka ana dasa wata ƙaramar na'ura kusa da laka. Tana da tsada ƙwarai, kuma amfaninta yakan ragu bayan 'yan shekaru. Yanke gaɓa kuwa likitoci ba sa gaggawar ba da shawararsa, domin zafin yana iya zama a dungulmin.

Ku yi hattara da tsaga, da ƙaho, da sakiya, da sake ɗori: kowane sabon rauni yana iya tayar da ciwon. Rashin barci da damuwa suna ƙara zugi, don haka neman shawarar likitan da ke kula da damuwa wani sashe ne na magani.

Mai fama da wannan ciwo ya nemi takardar turawa daga asibitin garinsa zuwa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitin koyarwa na Sakkwato, ko manyan asibitocin Maraɗi da Damagaram. Ya riƙe takardunsa da kwalayen magungunansa duk lokacin da zai ƙetare iyaka, don kada likita na biyu ya maimaita abin da na farko ya gwada.

Ku kuma 'yan'uwa, ku gaskata kukansa. Ku ɗauke masa buhu, amma ku bar masa aikin da hannunsa zai iya. Ba kowa ke rabuwa da ciwon gaba ɗaya ba, sai dai da yawa sukan sami sauƙin da zai mayar da su rumfarsu.

Allah ya ƙara mana lafiya.