ƘIRJI MA YANA DA MA'AUNI
Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, Tina Junction, Jos

 

Ni dai ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne mai sayar da hatsi. Abin da ya same ni shi zan faɗa muku.

Shekara uku ina fama da tarin dare. Da asuba ƙirjina ya ɗaure, numfashi yana fito. Na ce sanyin Jos ne, tun da garin yana kan tudu, wajen mita 1,200 sama da teku. Na yi ta shan maganin tari, a banza. Ranar da na kasa kai Fatiha ƙarshe a sallar Asuba, ɗana ya ce, "Baba, yau kam sai asibiti."

Likita ya ce asma ce: hanyoyin iska na huhu sun kumbura, sun tsuke. Kamar tiyon ruwa ne in ka taka shi. A lissafin masana, in faɗin bututu ya ragu da rabi, wahalar wucewar iska takan ninka sau 16.

Ya miƙo mini ɗan bututun awo mai lambobi, irin wanda wani likitan Ingila, Martin Wright, ya fara fito da shi a 1959. Za ka miƙe tsaye, ka cika ƙirji, ka hura da ƙarfi gaba ɗaya. Sau 3, ka rubuta mafi yawa. Safe da yamma, mako 2, don ka san mudunka na lokacin lafiya. In awo ya kai kashi 80 cikin 100 na mudun nan, alhamdu lillahi. Tsakanin 50 da 80, hanya ta fara tsukewa, ka shaƙi maganinka yadda likita ya tsara. Ƙasa da 50, kada ka jira gari ya waye. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos nan a Lamingo.

'Yan'uwa, ba ma sayar da masara da ka, sai mun auna. To, don me za mu yi wa ƙirji kintace? Sau da yawa awo yakan faɗi tun kafin mutum ya ji a jikinsa.

Iyayenmu mata, don Allah a daina kunna gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu. Tarin da ya wuce mako 2 kuma, a je a gwada tibi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalamu alaikum.