Kowane Gari Da Irin Lemonsa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Kuchigoro)



An ce in ɗan yi tsokaci kan gardamar da ta tashi a walimarmu ta bayan Sallah. Wasu sun ce lemon cittar ya cika yaji, wasu sun ce tsararo ne, har wani ɗan'uwa ya kawo shawarar daga yanzu a riƙa sayen lemon kwalba kiret-kiret, kowa ya huta. To jama'a, ni dai ban goyi bayan haka ba, ga kuma dalilina.

Kuchigoro garin Gbagyi ne, mu zuwa muka yi, kowa da ɗanɗanon da ya taso da shi. Abin da Bakano ke kira zoɓo, a Gana soɓolo ne, a Senegal bisab. Mutanen Yamai suna da lemu hari, Hausawan zango a Kumasi suna da lamurje. Waɗannan biyun citta ce ginshiƙinsu, amma wani ya sa tsamiya, wani lemon tsami, wani ya ƙara kanumfari da masoro. Kamfanoni ma sun san da haka. Coca-Cola na sayar da lemon citta mai suna Stoney Tangawizi a Kenya da Tanzaniya, mai yaji har maƙogwaro, alhali Canada Dry da ake sha a Amurka yajinsa kaɗan ne. Tunda masu kuɗi ba su tilasta wa duniya ɗanɗano ɗaya ba, mu don me za mu ɓata da juna? Ai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abu na biyu, ku dubi wa ke yin lemon nan. Matanmu ne, wasunsu zawarawa masu riƙon marayu. Cittar tana fitowa ne daga Kaciya da Jaba da Kagarko a kudancin Kaduna, nan kusa da mu. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a can, amfanin ya ruɓe, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Matan nan suka daure, ba su bar sana'ar ba. Idan lemon wata ya zo tsararo, watakila cittar ce ta gagare ta saye. Lemon kwalba kuwa, a 2022 gwamnati ta ɗora masa harajin naira 10 a kowace lita saboda yawan sukari, ga shi dattawanmu da dama na fama da ciwon sukari.

Don haka ina ba da shawara uku. Na farko, kowace walima a kawo kula biyu, mai yaji da marar yaji, a kuma ware wa dattawa marar sukari. Na biyu, a rubuta sunayen masu sana'ar, a riƙa ba su aikin bi da bi, a biya su kuɗin citta tun kafin ranar. Na uku, iyayenmu mata, don Allah a gafarce ni, a tafasa ruwa, a wanke ɗanyar citta sosai, a daina ɗura lemo a robar da aka tsinto. Lemo ɗaya ya ɓata cikin baƙi, sunan dukkanmu ne ya ɓaci.

Idan an amince, Malam Sakatare ya buɗe rajista yau kafin mu watse.