Kuɗin Haya da Albashin Farko

Jawabin kwamitin walwala na reshe a zaman maraba da sabbin malamai, Unguwar Kanawa



An ba kwamitinmu ɗan lokaci mu yi wa sabbin malamai magana a kan walwala. Da muka zauna shawara, sai muka lura cewa yawancin masu ƙwanƙwasa mana ƙofa a farkon shekararsu ta biyu da kama aiki, abu guda ne yake kawo su: mai gida ya ba su wa'adi, kuɗin haya kuma babu. Mun san su, malamai ne masu ƙwazo, ba su da almubazzaranci. Lissafi ne ya kuɓuce musu tun ranar da suka karɓi makulli. Saboda haka muka zaɓi mu yi wannan lissafi tare da ku yau, kafin dillali ya yi muku nasa.

Ku fara da sanin albashinku. A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, kuma kafin shekarar ta ƙare Gwamna Uba Sani ya amince da 72,000 a Jihar Kaduna. Mai gida ya ji wannan a rediyo, dillali ya ji, 'yan'uwa a ƙauye ma sun ji, kowa kuma ya yi muku lissafinsa a kai. Naku lissafin sai ya tsaya a kan abin da ya shiga asusu bayan an cire kason fansho da haraji da sauran abin da ake cirewa, har da kuɗin ƙungiya, domin mu ma muna da namu kason, ba za mu ɓoye ba. Kuma kada wanda ya kama ɗaki da takardar ɗaukar aiki a hannu. Sabon ma'aikaci yakan jira kafin sunansa ya zauna daram a takardar biya. Ku ga albashi uku a jere tukuna, mafi ƙanƙanta daga cikinsu shi ne naku na gaskiya.

Wasunku sun karanta a waya cewa haya ta yi daidai muddin ba ta wuce kashi 30 cikin 100 na albashi ba. Wannan ma'auni daga Amurka ya fito. A 1969 majalisarsu ta amince da gyaran doka da Sanata Edward Brooke ya kawo, wanda ya hana a karɓi fiye da kashi 25 na abin da iyali ke samu a gidajen gwamnati, sannan a 1981 aka ɗaga shi zuwa kashi 30. A can kuwa wata-wata ake biyan haya: albashi ya shigo, a cire, a miƙa. Mu a Kaduna shekara guda cif ake nema a dunƙule, daga hannun wanda bai taɓa riƙe albashi ba. Ko Legas da ta yi dokar haya a 2011, abin da ta hana game da sabon ɗan haya shi ne a karɓi fiye da shekara ɗaya daga gare shi.

Bari mu ɗauki misali. Alƙaluman namu ne na allo, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Mu ce malami yana karɓar naira 80,000 a hannu. Kashi 30 shi ne 24,000 a wata, wato 288,000 a shekara. Dillali ya zaga da shi nan bayan titin Ali Akilu, ya nuna masa ɗaki mai bayi a ciki, da tayil da sabon fenti, a kan 280,000. Malam ya duba wayarsa ya ga bai ƙetare ƙa'ida ba, ya ce ya saya. Sai la'adar dillali ta biyo, kashi goma, 28,000. Sai kuɗin takardar yarjejeniya, sai wanda ake ajiyewa saboda ɓarna. Kafin a ba shi makulli abin ya kai 330,000, bai sayi katifa ba, bai sayi risho ba.

Ba shi da wannan kuɗi, don haka ya ranta, a kan zai biya cikin wata goma: 33,000 kowane wata, idan ma bashin babu ruwa a kansa. A nan ne kusan kowa yake tsayar da lissafinsa, a nan ne kuma muke roƙon ku saurare mu da kyau. Daga watan da ya shiga ɗakin, hayar baɗi ta fara ƙirga kwanakinta. In zai biya ta ba tare da sabon bashi ba, dole ya riƙa ajiye ɗaya bisa goma sha biyu na 280,000, wato kimanin 23,300 a wata. Ku haɗa da 33,000, ya zama 56,300. Abin da ya rage masa 23,700 ne, bai kai naira 800 a rana ba, kuma a ciki zai ci, ya hau mota, ya biya wuta, ya sayi sabulu, ya aika wa mahaifiyarsa wani abu. Ba zai iya ba. Abin da zai faru, mun gani sau da yawa, shi ne ya bar ajiyar, ya biya bashin, shekara ta zagayo ya sake ranta a kan hayar da aka riga aka ƙara wa kuɗi. Akwai a cikinmu, mu masu furfurar nan, waɗanda suka shekara goma suna wannan zagaye.

Duk wanda ya ranci hayar farko, haya biyu yake biya a shekara ɗaya. Wannan shi ne abin da ma'aunin Amurka bai sani ba.

Shawararmu, kuma ra'ayin kwamiti ne, babu dokar da ta ce haka: idan da rance za ka shiga, kada hayar shekara ta wuce albashin wata biyu. Ga malaminmu na misali, 160,000 ke nan. Da la'ada da sauran tarkace mu ce 190,000. Biyan bashi 19,000, ajiyar baɗi 13,400, jimla 32,400. Za a ji jiki a shekarar farko, domin kashi 40 ne na albashin. Amma a shekara ta biyu bashi ya tafi, haya ta koma ɗaya bisa shida, mutum ya fara numfashi. Wanda kuma ya tara kuɗinsa da kansa, ko iyaye suka biya masa kyauta, yana iya kaiwa albashin wata uku. Mun san irin ɗakin da ƙaramin kuɗi yake kamawa: gidan yawa, bayi na tarayya, layin wanka da asuba. Mun zauna a irinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Za a ce muku ku matsa gaba, bayan Kawo ko Mando ko Rigasa, haya ta fi sauƙi. Wani lokaci gaskiya ne. Sai dai tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Mu ce ɗakin can ya fi na kusa da makarantarku sauƙi da 60,000, zuwa da dawowa kuma yana cin naira 600 a rana. Shekarar karatu kimanin mako 39 ce. Ko da kwana huɗu aka ƙirga a mako, yadda aka mayar da makarantun gwamnati a farkon 2022, kwana 156 ne, kuɗin mota 93,600. Ɗakin arahar ya fi tsada da 33,600, ban da makara da gajiya. Malamin da yake takawa zuwa aji da ƙafarsa ya riga ya yi wa kansa ƙarin albashi.

Kafin ku biya, ku bar dillali a ƙofa ku yi hira da 'yan hayan gidan. Su ne za su gaya muku yadda ake raba kuɗin wuta, ko da yawan ɗakuna ko da yawan kayan lantarki, da ko akwai tsohon bashi a kan mita. Su za su gaya muku ko rijiyar tana ƙafewa da bazara har sai an koma sayen jarka wurin 'yan garuwa, da nawa ake bayarwa na shara da na 'yan sintiri. Ku dubi ƙasan bango, in damina ta taɓa shiga ɗakin za ku ga shaidarta ko an yi fenti. Ku tambayi sau nawa aka ƙara haya a shekaru ukun da suka wuce.

Akwai abin da lissafi ba ya warwarewa. Masu gidaje da yawa ba sa son ba tuzuru ɗaki, ga malama marar aure kuwa abin ya fi tsanani, sai a ƙi ta ko a tsawwala mata. Ƙannenmu mata, in kuna da 'yan'uwa a cikin gari, babu abin kunya a zama wurinsu shekarar farko kuna tarawa. In babu, ku haɗu biyu ku kama ciki da falo, sannan ku nemi shugabar makaranta ko ɗaya daga cikinmu ya raka ku wurin mai gida. Ganin babba yana sauya magana.

Game da inda za a ranta, muna gargaɗinku da manhajojin bashi na waya: ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere, in aka makara kuma sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tozarta shi. Adashi tsakanin malaman makaranta ɗaya ya fi, ko asusun gama-kai na ma'aikata, kuma wanda addininsa ya hana shi bashi da ruwa ya tambaya tun kafin ya sa hannu. Kada kuma bashin ya zarce shekara. Ba ma son tsorata ku a ranar maraba, amma wannan ƙungiya ba ta manta da 2017 ba, lokacin da aka sallami malaman firamare 21,780 a jihar nan bayan jarrabawar gwaji. Da yawansu da bashi a wuya suka fita.

Ku karɓi rasit, da sunanku da kwanan wata da sa hannun mai gida, ko da mai gidan kawunku ne. Yanzu ma rasit ya sami wani amfani. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma ba ɗan haya damar a cire kashi 20 na hayarsa, iyaka 500,000, daga kuɗin da za a yi wa haraji. Ga mai ƙaramin albashi rangwamen ba zai wuce 'yan dubbai a shekara ba, amma haƙƙinku ne, kuma sai da shaida ake samunsa.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa ƙungiya ta koya wa malamai haƙuri da ƙaramin albashi. Lissafin da muka yi a gabanku hujja ce a hannunmu: malamin da ya gama karatunsa, ya kama aikin gwamnati, amma ɗaki ɗaya mai bayi a ciki ya fi ƙarfinsa a unguwar da yake koyarwa. Za mu ci gaba da kai wannan magana duk inda ake zaman albashi. Domin mu je da alƙaluma na gaskiya maimakon na allo, muna roƙon kowane ɗan haya a cikinku, sabo da tsoho, ya rubuta abin da yake biya a shekara, da unguwarsa, da kuɗin motarsa na rana, ba sai ya sa suna ba, ya miƙa wa sakatare kafin ya tafi. Wanda kuma dillali yake jiransa a wannan mako, ya zo da takardar albashinsa bayan an tashi, muna nan a bakin ƙofa da biro da takarda.