Jawabi a Kan Binciken Asalin Gidajenmu da Tarihin Mazaunan Farko na Ƙasar Wurno

 

Tun da yau rana ce ta aza harsashi, ya kyautu mu waiwayi harsashin da aka riga aka aza mana, watau mutanen da suka fara saran dajin nan, suka haƙa rijiyoyin da muke sha, suka shata gonakin da muke nomawa. Da yawanmu in aka tambaye mu sunan kaka za mu faɗa, amma in aka ce mu faɗi uban kakan, da garin da ya baro, da abin da ya raba shi da can, sai mu yi shiru. Wannan shiru kuwa yana da tsada. Da sanin nasaba ake raba gado a bai wa kowa haƙƙinsa, da shi ake gane wanda aure ya haramta da shi ta wajen jini ko ta wajen shan nono, da shi kuma ake sanin dangin da zumuncinsu ya rataya a wuyan mutum. Sau nawa 'yan'uwa suka tsaya gaban alƙali a kan iyakar gona, alhali tsohon da ya san inda kakanninsu suka dasa jan yaro ya rasu ba wanda ya tambaye shi?

Kafin mutum ya nemi labarin gidansu, lalle ne ya san labarin ƙasar da gidan yake cikinta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kana ɗansa Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, sai ya ga cewa ƙasar ba za ta zauna lafiya ba sai an tsare bakin iyaka, saboda haka ya dinga kafa garuruwan ribaɗi masu ganuwa, yana ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu, yana kuma kwaɗaitar da Fulani makiyaya su bar yawo su zauna wuri guda, su yi noma, su sa 'ya'yansu karatu. Wurno ita ce babba cikin waɗannan ribaɗoɗi. Bello ya gina ta a gefen gulbin Rima wajen shekarar 1830, a cikinta ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, shi ma ya yawaita zama a Wurno, kuma a zamaninsa ne Baturen nan ɗan Jamus, Dokta Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka garin a 1853, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Abin lura a nan shi ne, garin ribaɗi tarin baƙi ne. Akwai malamai da almajiransu, akwai mayaƙa, akwai Sulluɓawa da sauran Fulani da suka ajiye sanda, akwai Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa da Buzaye, akwai maƙera da marina da masaƙa da aka jawo don sana'arsu, akwai kuma bayi da aka zaunar a rumada suna noma. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗansu Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda take cikin Jamhuriyar Nijar a yau, daga baya waɗansunsu suka kafa Sabon Birni. A 1899 rundunar Faransa ta ƙone Birnin Ƙonni, bayan haka kuma haraji da aikin tilas na mulkin Faransa suka riƙa koro mutanen Adar zuwa kudu. Ran 15 ga Maris, 1903, Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi ran 27 ga Yuli na shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake kusa da Sinnar. Ke nan duk gidan da aka bincika a ƙasar nan, za a tarar ɗaya daga cikin waɗannan guguwa ce ta kawo shi, ko kuwa ta ɗauke masa wani reshe ta kai nesa.

To, ta yaya mutum zai fara? Hanya ta farko ita ce bakin tsofaffi, gama da tsohuwar zuma ake magani. A je wa kowane tsoho shi kaɗai, da goro da ladabi, domin in aka tara su wuri ɗaya ƙarami ba zai iya musa wa babba ba, ko da ya fi shi sani. Kada kuma a tsallake iyayenmu mata. Tsohuwa ce ta san wace ce uwar wane, daga wane gari aka auro ta, wa ya sha nonon wa, alhali maza sukan riƙe sunayen ubanni kaɗai. A rubuta sunan yanka tare da laƙabi, domin alkunya ta sa an ɓoye sunayen mutane da dama a bayan Ɗanjuma da Mai Sango da Nomau, har jikokinsu suka manta na ainihi. Wayar da take cikin aljihun kowane saurayi a yau ta isa ta ɗauki muryar kakarsa, sa'an nan a zauna a kwashe maganar a takarda yadda ta fito, ba ragi ba ƙari.

Hanya ta biyu ita ce lissafin shekaru. Tsoho ba zai ce maka an haifi ubansa a shekara kaza ba, sai dai ya ce a zamanin Sarkin Musulmi wane, ko shekarar wani abu. Aikin mai bincike ne ya mai da wannan ya zama lamba. Umaru ya yi mulki daga 1881 zuwa 1891, Abdurrahman daga 1891 zuwa 1902, Maiturare daga 1915 zuwa 1924, Hasan daga 1931 zuwa 1938, sa'an nan Abubakar na uku daga 1938 zuwa 1988. Babbar annobar da ta ƙare shanun Fulani ta auku wajen 1891, babbar yunwa ta faɗo a 1913 da 1914, annobar mura a 1918, jirgin ƙasa kuma ya isa Ƙauran Namoda a 1929. In kuwa aka tarar da shekarar Hijira a rubuce, sai a cire uku daga kowane ɗari, a ƙara 622. Misali, Bello ya rasu a 1253 bayan Hijira: a cire 38 saura 1215, a ƙara 622, ya zama 1837.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a kiyaye. Masu lissafi sukan ba kowane tsani tsakanin uba da ɗa shekara 30, amma a ƙasarmu, inda dattijo yakan haihu yana da furfura, tsanin yakan fi haka tsawo. Ku dubi Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, wanda aka haifa a Raba wajen 1910. Shi ɗan Ibrahim ne, ɗan Abubakar Atiku na Raba, ɗan Muhammadu Bello, ɗan Shehu, wanda aka haifa a 1754. Tsani huɗu ke nan cikin shekara 156, watau kowane tsani shekara 39. Saboda haka in wani ya ƙirga ubanni uku kacal tsakaninsa da mutumin da ya ce ya yi zamani da Shehu, sai a sake tambaya, domin mai yiwuwa ne waɗansu sunaye sun zube a hanya, ko kuwa an haɗa kaka da jika masu suna ɗaya an mai da su mutum guda.

Hanya ta uku ita ce ƙasar kanta, domin gani ya kori ji. Sunan wuri shaida ne. Inda aka ce Tungar wane, to wani ne ya fito noma ya kafa bukka har ta zama gari. Inda aka ce Rugga, makiyaya ne suka fara zama. Inda aka ce Runji, gandun wani babba ne da bayinsa. Inda aka ce Zango, masaukin fatake ne. A zaga kufai a duba gurbin ganuwa, da ramukan marina, da kashin maƙera, da tsofaffin kukoki da tsamiyoyi, da maƙabartar da aka daina binnewa a cikinta. A tambayi wace rijiya ce ta fari, wane gida ne kuma yake da alhakin yashe ta, domin sau da yawa nan ne gidan wanda ya haƙa ta. Tsagar fuska da take ɓacewa a zamanin nan ita ma littafi ce, a tambayi wanzamai ma'anarta tun suna raye. Haka nan wasan barkwanci, irin wanda yake tsakanin Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarabawa, yakan tona asalin gidan da ya daɗe da sake harshe.

Hanya ta huɗu ita ce takarda. A gidajen malamai akwai gafaka da tsofaffin littattafai, waɗanda marubucinsu yakan sa sunansa da na ubansa da garinsu a shafin ƙarshe, wani kuma yakan rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen shafi. Akwai wasiƙu, da takardun rabon gado, da na 'yanta bayi, da rasiɗan haraji da na jangali. A ɗauki hotonsu shafi shafi, a mayar wa masu su, kada a raba littafi da gidansa. Don sanin tarihin ƙasa baki ɗaya akwai Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya rubuta a 1812, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997. Hukumar tarihi da al'adu da take ɗauke da sunansa a Sakkwato tana ajiye da rubuce-rubuce masu yawa. A Kaduna kuma akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda rahotannin jami'an mulkin Turawa a kan gundumomin Lardin Sakkwato suke, masu ɗauke da sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan masu biyan haraji, akwai kuma Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970. Sai dai a tuna cewa Baturen da ya rubuta rahoto ta bakin tafinta ya ji, daga fadar hakimi kuma aka gaya masa, don haka a auna maganarsa da ta tsofaffi, kada a fifita ta don kawai an buga ta da keken rubutu.

Jama'a, akwai amana a cikin wannan aiki, kuma dole a faɗe ta a fili. Mai bincike zai gamu da abin da ba ya so. Zai tarar cewa gidan da yake alfahari da zama na farko ya iske waɗansu a wurin. Zai tarar cewa kakan wani an kamo shi ne a yaƙi. Dokar Turawa ta 'yanta duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu, 1901, ba a kuma soke bauta ɗungum a Arewa ba sai a 1936, saboda haka al'amarin bai yi nisan da za a manta da shi ba. Wanda ya ɗauki irin wannan labari ya mai da shi abin gori, ko ya hana aure da shi, ya ci amanar tsohon da ya gaya masa, ya kuma manta cewa hannuwan mutanen nan ne suka ɗaga ganuwar da ta tsare kowa. Haka nan wanda ya ƙago wa kansa nasaba zuwa ga wani sharifi ko basarake ya zalunci ubansa na gaskiya, wanda ya fi kowa cancantar addu'arsa. In riwaya biyu suka saɓa, a rubuta su duka biyun, kowace da sunan wanda ya ba da ita, a bar wa na baya su auna.

Lokaci kuwa ba ya jiranmu. Ambaliyar gulbin Rima ta 2010 ta rushe gidaje da ƙauyuka da dama, ruwa kuwa ba ya tsallake gafaka. Daga 2018 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a ƙasashen Raba da Isa da Sabon Birni da Goronyo, mutanensu suka warwatsu cikin birane da ƙetaren iyaka. Yaron da ya tashi a gudun hijira, in ba a rubuta masa sunan ƙauyensu da iyakar gonar kakansa ba, da me zai nemi haƙƙinsa ranar da Allah ya kawo komawa?

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kowane maigida ya sa ɗaya daga cikin 'ya'yansa masu karatu, namiji ko mace, ya rubuta ubanni da iyayen gidan iyakar inda aka sani, kafin damina mai zuwa. Malaman makarantunmu na allo da na boko su taimaka wajen karanta ajami da Larabci da daidaita shekaru. Sa'an nan a tara abin da aka samu a littafi ɗaya, a yi masa kwafi uku, ɗaya a wurin Liman, ɗaya a fadar Hakimi, ɗaya a aika Sakkwato don ajiya. 'Yan'uwanmu mazauna birane da suka taimaka da dukiyarsu, su ma su aiko da sunayen 'ya'yansu a sa, domin zumunta a ƙafa take, ƙafa kuwa ba ta zuwa gidan da ba ta sani ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka sari dajin nan, waɗanda muka san sunayensu da waɗanda sunayensu suka ɓace. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu.