Jinin ɗan'uwa ma sai an gwada

Makonni ke nan wayar shirin nan ba ta huta ba a kan ƙorafi guda: an ce mara lafiya na buƙatar ƙarin jini, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya miƙa hannu, sai ma'aikatan ɗakin gwaji suka ce jinin bai dace ba. Wasu na cewa dabara ce kawai don a sayar musu da ledar jini.

Uwargida da ke gaban murhu da direban da ke bisa hanya su ɗan ba da kunne. Zama ciki ɗaya ba ya sa jini ya zama ɗaya.

A shekarar 1901 wani likita a birnin Biyana na Ostiriya, Karl Landsteiner, ya bayyana cewa idan aka haɗa jinin wasu mutane biyu, sai ya dunƙule kamar madarar da ta tsinke. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da tambari, wanda likitoci ke kira antijin. Wani na da tambarin A, wani B, wani duka biyun, mai rukunin O kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikin ruwan jinin kuma akwai dakarun garkuwar jiki da ke afka wa duk tambarin da ba na gida ba. Mai A aka ɗura masa B, dakarun za su farfasa baƙin ƙwayoyin: rawar sanyi, zazzaɓi, ciwon baya, fitsari ya koma ja ko baƙi, ƙoda ta tsaya. Rai na iya tafiya.

To, ina ɗan'uwa a nan? Uba mai A da uwa mai B, idan kowannensu na ɗauke da O a ɓoye, za su iya haifar 'ya'ya huɗu: ɗaya A, ɗaya B, ɗaya AB, ɗaya O. Gida ɗaya, tukunya ɗaya, jini kala huɗu. Saboda haka dangin da ke cika baranda suna yi wa nas hayaniya, wai ai yayansa ne, su sassauta. Gwajin haɗa jinin mai bayarwa da na mai karɓa kan ɗauki kamar awa guda, kuma wannan awar ce ke kare majinyacin.

Maigidan da ke gaggawar ba matarsa nasa ma ya dakata. Likitoci ba sa son hakan ga mai sauran haihuwa, domin jikinta na iya ƙera dakarun da za su yaƙi jinin jaririn da za ta ɗauka nan gaba.

Saura a gurguje, lokaci ya ja. AA, AS da SS maganar sikila ce, ba rukunin jini ba. Mace mai ciki ta san ko jininta fositif ne ko negetif. Idan negetif ne kuma jaririn fositif, akwai allurar da ake yi mata cikin awa 72 bayan haihuwa. Kowace leda sai an duba ta don ƙanjamau da ciwon hanta.

Wanda aka ce jininsa bai dace da na ɗan'uwansa ba, ya bayar duk da haka. Asibiti zai ajiye wa wani, ya nemo wa nasa wanda ya dace.